Addu'ar da Na Yi wa Hajiya Falmata

Duk abin da zan manta a sana'ata, ban da ranar da na je gwajin madannan kwamfuta a wata makaranta da ke Galtimari.

Gyaran kwamfuta nake yi a Gamboru. Ya daɗe yana damuna a ce kwamfuta ba ta da maɓallin ƙ da ɗ da ɓ, don haka na zauna na koya wa tawa: in ka danna k kaɗai ta ba ka k, in ka haɗa da wani maɓalli ta ba ka mai lanƙwasa. Da abin ya yi, har tafiyata ta canza (maƙwabcina mai sayar da caja ya ce na fara gaisuwa da hannu ɗaya).

Hajiya Falmata, mai makarantar, ta ce in zo in nuna wa malamanta. In ya yi musu, zan saka a duk kwamfutocinsu. Da safe ta kira ni: "Ɗana, ka ƙara mana harafin Kanuri ma." Na buɗe tsarin a gurguje na ƙara, ban sake gwadawa ba. Ashe garin gaggawa na musanya k da ƙ.

Aka kunna majigi. Na yi dogon jawabi kan darajar harshe, sannan na ce bari in buɗe da addu'a. Ina kallon jama'a ina bugawa, don su san ba na buƙatar duba allo. "Allah ya kare mana Hajiya" na yi niyya.

Malam Modu, malamin Hausa, ya yi gyaran murya. "Malam, me ta yi maka?"

Na waiwaya. Ga shi ɓaro-ɓaro a bango: "Allah ya ƙare mana Hajiya."

Gumi ya keto min. Na goge na sake bugawa, ta sake ƙarewa (wani daga baya har ya ce amin bisa sabo).

Hajiya ta yi dariya har da share hawaye. "Yau na yarda lanƙwasar nan ba ado ba ce. Gyara, ɗana, ka saka mana."

Yanzu yaran makarantar na rubuta sunayensu daidai, da Hausa da Kanuri. Ni kuwa, kafin in burge jama'a, sai na fara kunyata a shagona, inda babu mai gani.