Goron Atom a Ƙofar Gida

Wallahi atom ɗin nan ya haɗu! Na daɗe ina kallon darasin kemistiri a waya, na ga lokaci ya yi da 'yan majalisarmu ta Kabara za su kwashi ilimi a wajena. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, na tara jan goro a tsakiya a matsayin furoton, farin goro nutiron, na zagaye su da dabino, su ne ilektiron.

Ina gyara murya ke nan sai ga dattawa sun fito daga sallar La'asar. Baba Liman na ganin goro da dabino ya ɗaga hannu: "Ikon Allah, yaro ya girma! A yi salati."

"Baba, darasi ne fa!"

"Yi shiru, ango ba ya magana."

Aka shafa fatiha, aka wawashe tsakiyar atom ɗina, kowa ya zuba ilektiron a aljihu. Kafin Magariba Hajiyarmu ta tsare ni, wai wa ya nema min aure ba da saninta ba?

Har yau in na gifta majalisa sai na ji, "Ango, yaushe tarewa?"

Don Allah, akwai wanda karatu ya taɓa ja wa haka?