Inabin Tsibiri a Ka'akiyya

Karatu ne ya cuce ni, kuma a gidan Alhaji Sani, dattijon lungunmu a unguwar Ka'akiyya, nan ƙasa mai tsarki. Lokacin ni nake jan salla a ɗan masallacinmu in liman ya yi tafiya.

Muna cikin cin shinkafa da mutanen lungu aka kawo ruwan inabin Ɗa'ifa mai sanyi. Maimakon in sha in yi hamdala, sai na juya kofin a hankali, na sansana, na ce zaƙin ya yi yawa. Na shiga ba su labarin wani inabi da ake nomawa a tokar dutse mai aman wuta, can a tsibiran Turai, wanda farar giyarsa ba ta da zaƙi, sai ɗan gishiri-gishiri a bakin harshe. Har lumshe ido na yi.

Da na buɗe, babu mai tauna.

"Malam," in ji Alhaji, "a ina ka ɗanɗana?"

Na rantse a mujalla na karanta. Ya ce, "Ɗayyib, to shi ke nan."

Tun ranar nake bin salla daga sahu na biyu. Na gaji da rantsuwa. Yanzu ko Zamzam na ɗaga, sai wani ya leƙo kofin ya ce, "Malam, na wane tsibirin ne?"