Gobara Ba Ta Jira

Wanda bai taɓa ganin Oga Ƙarfe ba, bai san lafiyar jiki ba. Shi ne mai gwajin ƙarfi a makarantar horar da 'yan kwana-kwana, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan, don kada jama'a su wahala wajen nema. Ɗalibai kuwa, saboda tsabar ƙauna, Randa suke ce masa in ya ba da baya. Ba ya wasa da motsa jiki: kullum sai ya ɗaga usur zuwa baki, ya sauke. Tumbin da ke riga shi shiga ofis kuma, ya ce ba teɓa ba ce, ƙirji ne ya sauko saboda nauyin aiki.

Babbar hikimarsa ita ce hana ɗalibai ɗumama jiki kafin gwaji. Da ya hango wani yana miƙe ƙafa ko yana juya ƙugu, sai usur.

"Kai! Rawa ka zo yi? Gobara ba ta jira! In gida ya kama, ce wa wutar za ka yi ta dakata ka sassauta jijiya? Mu a zamaninmu, ƙafa in ta karye, da gudu muke ɗora ta."

Albarkacin wannan ilimi, ɗakin shan magani bai taɓa zama kango ba. Likitar makaranta ta tuna masa rigakafi ya fi magani. Ya ce magani ai aikinta ne, ta daina ƙyuya.

Cikin masu ɗingishin har da Dogo, wanda gwiwarsa ta gurɗe a gudun da aka tashe su babu shiri. Shekarunsa sun kai iyaka, in ya faɗi bana ba a sake ɗaukarsa. Ya ba ni tausayi ƙwarai, don ko gurgu ya ga tafiyarsa sai ya yi masa sannu. Oga ya ce ragwanci ne, gwajin ƙarshe zai raba gardama.

Gwajin kuwa shi ne a hau benen horo, a saɓo buhun yashi mai siffar mutum, a sauko da shi. Ranar manya suka zo kallo, suka zauna a inuwa. Oga ya ga dama ta samu. Ya hau benen da kansa, yana tsayawa a kowane hawa yana haki, wai ingancin ginin yake dubawa.

Daga sama ya leƙo ya yi jawabi: "Yau za ku ga yadda maza ke yi!"

Ya sunkuya zai sungumi buhun. Aka ji ƙas! Buhu bai motsa ba, Oga ma bai motsa ba. Ya tsaya a duƙe kamar mai neman allura, usur na lilo a wuyansa.

Gadon ɗaukar marasa lafiya ba ya juyawa a matattakalar, sai dai a saɓo shi. Aka dubi ƙarfafan ɗalibai, duk suna naɗe da bandeji, aikin hannunsa. Wanda ke gaban layi Dogo ne. Ya hau, ya durƙusa zai ɗauka. Oga ya kalli gwiwar, ya kalli matattakalar, muryarsa ta dawo kamar ta ɗan akuya.

"Ɗan'uwa, don Allah ɗan ɗumama jiki tukuna, kada ka yar da ni."

"Ranka ya daɗe, gobara ba ta jira."

Ya saɓa shi, ya sauko yana cije leɓe, Oga na salati tun daga sama har ƙasa. Manya suka dubi kayan da Dogo ya dire, suka ga ya ninka buhun nauyi, nan take suka ce ya ci gwaji.

Daga gadon jinya, tsakiyar ɗalibansa, Oga Ƙarfe ya sanar cewa da gangan ya yi, don ya gwada yaron. Babu wanda ya musa. Tun da aka ɗauke shi aiki, ranar ce makarantar ta fara cin moriyar jikinsa, shi ma a matsayin buhun yashi.