Nomau da Notin da Ya Ƙi Fita

Mu huɗu ne a gidanmu, nan bayan tashar Malumfashi: ni, da autana Nomau, da matarsa Ladidi, da 'yarsu mai rarrafe. Nomau ya haura talatin, ga ƙarfi kamar bijimi, ga zuciya fara tas. Cikas ɗinsa ɗaya ne, abin da aka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Wuri huɗu aka sallame shi daga aiki. Da ƙyar Oga Sidi bakanike ya ɗauke shi, ya ce mini, "Iya, albarkacinki ne. In ya ɓata, kada ki ga laifina." Ni kuwa na san daga garejin nan babu sauran ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

A lokacin ne Alhaji Bawale ya sa aka jawo tsohuwar a-kori-kurar mahaifinsa, wadda ta shekara ashirin kaji na ƙwai a cikinta. So yake ta tashi da ƙarafunanta na asali. Sharaɗinsa, ba wuta, ba yanka. Komai ya kwantu lafiya, sai wani dogon noti da ke riƙe da sifirin ɗin baya. Tsatsa ta haɗe shi da jikin motar, ya ce shi da fita sai dai a lahira.

Wata rana Oga ya kwantar da Nomau ƙarƙashin motar ya ce, "Riƙe sifanar nan, kada ka saki sai na ce." Sai aka kira Oga wajen suna. Rana ta take, ban ga yaro ya zo cin abinci ba. Na saɓa mayafi na tafi garejin. Ƙafafuwansa kawai na hango. Na ce, "Auta, fito ka sha fura." Ya ce, "Iya, bai ce ba." Haka na durƙusa da tsufana ina ba shi da ludayi, masu facin taya suna ta dariya.

Wata rana kuma Oga ya ce, "Ka cire duk abin da zai ciru a bayan motar nan, mu samu wurin aiki." Kafin la'asar babu fitila, babu lamba, babu ƙyauren baya, har katakon bodi ya kwance. Oga ya ɗora hannu a ka. Amma da ya duba, komai na jere a kan tabarma yadda aka ciro shi, kowane noti kusa da ɗan'uwansa. Sai ya sauke hannu ya koma bakin aiki.

Wata rana Oga ya zana siffar notin a kwali ya ce, "Je wajen 'yan gwangwan masu tsofaffin ƙarafa, kada ka dawo sai da irinsa." Kwana uku ba Nomau. Ladidi na ta kuka. Ashe ya bi Funtuwa da Zariya, har Kano. Wani direba ɗan unguwarmu ne ya gan shi yana tonon tsibin ƙarafa, ya ce, "Taho mu tafi gida." Ya ce, "Ban samu ba." Sai da aka haɗa shi da Oga a waya, ya ji da kunnensa an ce ya dawo. A nan aka tabbatar irin notin ya ƙare a kasuwa.

Ƙarti uku suka zura bututu a sifana suka hau, sifanar ce ta karye. Oga ya gaji, ya sa aka tura motar gindin darbejiya. Don Nomau ya ba shi wuri, ya miƙa masa man birki da ƙaramar guduma ya ce, "Je ka ɗiga masa, ka riƙa ƙwanƙwasa a hankali. Kada ka taɓa wani aikin sai ya fita."

Oga ya manta. Nomau bai manta ba. Ɗis, ƙwas ƙwas ƙwas, tun safe har yamma. A ce ya kama taya, ya ce notin bai fita ba. Oga da kansa ya ce ya taso, Nomau ya ce, "Ai kai ka ce sai ya fita." Kwana arba'in! Ran nan Oga ya aiko a ce mini in zo ranar Asabar in tafi da ɗana, don Alhaji ma ya haƙura, za a kawo mai walda a yanke.

Ranar Asabar na je. Ga Alhaji zaune a benci, fuska ba walwala. Mai walda ya kunna wutarsa ya ce, "Kai, matsa." Nomau ya ce, "Ban yi na yau ba." Oga ya ce, "Ku bar shi ya yi na bankwana."

Ya ɗiga mai. Ƙwas. Ƙwas. A na uku sai muka ji ƙarar ta canja. Ya sa yatsu biyu ya zaro notin kamar ana zare tsinke daga tsire. Sifirin ya sauka ƙasa, tim.

Mai walda ya kashe wuta yana salati. Alhaji ya karɓi notin yana jujjuyawa, ko ƙwarzane babu, sai ga hawaye. Ya ce, "Rabon da a kwance notin nan tun Baba na da rai. Ikon Allah!"

Oga Sidi ya matso wurin ɗana. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Nomau, ka zauna a garejin nan, ba inda za ka."

Nomau ya nemi wuri a ƙasa ya zauna, ya miƙe ƙafa.

Na ce, "Oga, na gode, Allah ya saka. Amma don girman Allah ka faɗa masa ƙarfe nawa zai tashi."