Ranar da Aka Buɗe Ɗakin Natsuwa da Jiniya

Jama'a, in jiya kun haɗu da wani dattijo yana yawo rabin kansa a aske rabi da suma, kada ku ɗauka sabon yayi ne. Tsohon Direba ne, maƙwabcina, kuma aikin hannuna ne. Ina tsakiyar yi masa aski a shago sai na ji jiniya ta tsaga unguwa, ta nufi makarantar firamaren da ke bayan layinmu. Wata na bin wata. Na yar da kilifa na zuri takalmi.

"Kai, wanzamin zamani! Haka za ka bar ni?"

"Sa hula, Baba!"

"Ai ban zo da ita ba, ɗan nema!"

Ban tsaya jin sauran ba. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

Abin da ya koro ni kuwa, ɗiyar ƙanwata ce. Muna ce mata Kyanwa, don ba a jin takunta. Bara suka dawo wurina ita da uwarta, bayan 'yan bindiga sun shiga garinsu sun yi abin da suka yi. Ubanta bai fito ba. Yarinyar da a da sai an ce mata "don Allah huta" saboda surutu, ta koma sai a wuni ba a ji muryarta ba. A gidana an daina buga ƙofa. In murfin tukunya ya suɓuce wa maiɗakina, sai a ƙarƙashin gado za a sami Kyanwa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Kai ta makaranta kuwa, yaƙi muka yi. Da fari iyakarmu bakin ƙofa, mu juyo. Daga baya ta yarda da baranda. Sai a wannan zangon ta fara zama cikin aji, kusa da ƙofa, hannunta riƙe da jaka kamar mai jiran mota. Uwarta har azumin godiya ta yi.

To, ana haka sai aka sanar a rediyo cewa za a buɗe wa yara irin su Kyanwa Ɗakin Natsuwa a kowace makaranta, da ƙwararriyar da za ta riƙa zama da su tana jin damuwarsu. Wallahi na yaba. A teburin Mai Shayi na tsaya na ce wannan karon manya sun yi abin kai.

Mai Shayi ya ɗaga kofi sama yana tsiyaya, ya ce, "Ka ga ɗakin?"

"An ce har fenti an yi."

"Kabari ma ana share shi. Sha shayinka."

Makon jiya malamar ajinsu ta zo shago, tana ta murza hannu. Wai daga sama aka ce a samo yaron da "abin ya shafa da gaske" ya miƙa wa babban baƙo fure, don hoto ya fi ratsa zuciya. Na ce Malama, ɗiyata ba allon talla ba ce. Ta ce ita ma haka ta faɗa, amma wa ke jin ta? Muka daidaita a kan Kyanwa ta tsaya a layi kawai tare da 'yan ajinsu. Maganar jiniya kuwa, ba wanda ya yi mini.

Na isa ina haki. An kafa rumfuna, an jera yara cikin rana, an ɗaura lasifika mai girman firiji a kowace kusurwa. Ƙofar ɗakin an yi mata rawani da balan-balan. Ban gama hango Kyanwa ba sai ayarin babban baƙon, Mai Girma Sarkin Almakashi, Allah ya ƙara wa hannunsa kaifi, ya kunno kai cikin fili. Babura na tusa, jiniya na kuka. Motar rakiya ta ci birki, ƙarti suka diddiro da bindigogi, fuska a rufe, suna ihun "Matsa! Matsa!"

Ku tsaya ku auna hikimar. An tara yaran da ganin mai bindiga ya hana su barci, an kawo musu masu bindiga su taya su murna. Ni mai aski ne, ilimina bai kai nan ba. Wannan sai an yi taro, an ci abinci, an kafa kwamiti.

Ba a tsaya nan ba. Mai Girma na sa ƙafa ƙasa, wani mai kwat ya murɗa wani bututu, ya fashe da ƙara "ɗau!", takardu masu ƙyalli suka watsu sama. Zafin rana ya karɓi aikin, balan-balan suka shiga fashewa ɗaya bayan ɗaya.

Kafin ƙiftawar ido layin yara ya yi giɓi kamar bakin tsohuwa. Na duba inda 'yan ajinsu suke, ba Kyanwa. Na zaga bayan aji, na leƙa banɗaki, na duba ƙarƙashin motoci har wani ɗan rakiya ya tambaye ni ko na gaji da duniya ne. Shi kuwa Mai Girma yana can yana karanta jawabi a kan muhimmancin kwanciyar hankali, lasifika na girgiza kwanon rufi.

Gefensa wata matashiya ce riƙe da faranti, almakashi a kai, idonta ya kaɗa. Na matsa na ce, "'Yar'uwa, ba ki ga wata ƙaramar yarinya ba?"

"Da yawa na gani, Baba," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ni ce ƙwararriyar. Na roƙe su kada a yi ƙara. Suka ce tunda suke ba su taɓa jin an buɗe abu shiru ba."

"To me kike yi da faranti?"

"An ce na fi kowa natsuwa, ba zai faɗi ba."

Aka yanke ƙyalle, aka tafa. Mai Girma ya tura ƙofa, masu hoto a bayansa, ni ma na kutsa. Ɗaki ya yi kyau, ban hana ba: darduma mai laushi, matasai, 'yan tsana, ƙaton tebur a tsakiya. A ƙarƙashin teburin kuwa yara ne cunkus, sun shigo ta taga, kowa ya toshe kunne. Kyanwa na can ƙurya, ta rungume ƙafar teburin.

Kowa ya zuba wa Mai Girma ido. Na ce yau dai kunya za ta kama wani.

Mai Girma ya juyo ya buɗe hannuwa. "Kun gani? Tun ba a buɗe ba ya cika! Wannan ya nuna al'umma ta karɓi shirin." Aka sake tafawa. Ranka ya daɗe, na sara maka. Mutumin da zai ga gobara ya ce an samu haske, ba a haifar irinsa kullum.

Ayari ya tafi da jiniyarsa. Iyaye da malamai suka lallaɓa yara suka fita ɗaya-ɗaya, ban da Kyanwa. Na durƙusa na kira ta, ko kallona ba ta yi ba. Ƙwararriyar ta ajiye faranti ta zauna a ƙasa gefen teburin, ta miƙa hannu ta bar shi a nan. Can na ga numfashin yarinyar ya fara sauka.

Sai ga gingimari ta shigo da baya har bakin ƙofa. Ƙarti suka naɗe darduma, suka kwashe matasai, suka zuba 'yan tsana a buhu.

"Kai, lafiya?" na ce.

"Gobe akwai buɗewa a wata makarantar," in ji shugabansu. "Kayan ɗaya ne, zagayawa muke. Hajiya, taso, ke ma ana jiran ki a mota."

Ashe ita ma cikin kayan take. Ta tashi tana waiwaye, ta ce mini, "Kada ka ja ta, Baba. Bari ta fito da kanta."

Suka kama teburi. Kyanwa ta ƙara ƙanƙame ƙafarsa. Na san in aka ɗaga shi daga kanta, ta gama da makarantar nan har abada, mu koma ƙarƙashin gado. Ban san sanda na haye na zauna daram a kai ba. Allah ya hore mini jiki, ba alfahari ba.

"Malam, sauka. Kayan hukuma ne."

"Ni ma na hukuma ne. Ku ɗauke mu tare."

"Za mu kira 'yan rakiya."

"Kira su. Ka ce su taho da masu hoton."

Shugaban nasu ya dube ni, ya leƙa ƙarƙashi ya ga yarinyar, ya dubi rana. Direban gingimarin na ta danna ham. Shugaban ya share gumi ya ce wa yaransa, "Ku bar shi. In an tambaya, ku ce ƙafarsa ce ta karye." Da zai fita ya zaro 'yar tsana ɗaya daga buhu ya jefa ƙarƙashin teburin, bai waiwayo ba.

Sai da fili ya yi shiru Kyanwa ta rarrafo ta fito. Na kai ta gida. Uwarta ta kwana da fargaba, ni ma haka.

Yau da safe ina ɗaura agogo sai na ji an ja mini riga. Ga ta cikin kayan makaranta, jaka a kafaɗa.

"Kawu, teburin yana nan?"

"Yana nan, uwata."

"In na ji tsoro zan iya zuwa?"

"Har ki gaji."

Ta wuce gaba, na bi ta a baya ina ta murza ido, wai ƙura ce ta shiga mini ido.

Don haka a yau makarantarmu na da Ɗakin Natsuwa mai tebur ɗaya, kuma yana aiki. Iyayen yaran makarantun da ke kan layi nan gaba, ga shawara kyauta: ku toshe wa yaranku kunne da auduga, sannan ku tafi da masu ƙiba a danginku. Ni dardumar ce har yanzu take yi mini ciwo.