Ranar da Isiyaku Ya Sauya wa Haruffa Huluna

Wani mutum ne a unguwarmu a Funtuwa, Isiyaku, amma shi ya raɗa wa kansa suna Walƙiya. Babu wanda ya ba shi. Yana da ɗan shagon buga takardu kusa da tasha, kuma idan ka ji shi yana ba da labarin kansa a majalisa sai ka rantse shi ya koya wa kwamfuta rubutu.

"Ni fa ba na kallon kibod," in ji shi. "Yatsuna idanu gare su. Ina taifin ina cin gyaɗa ina sauraron labarai."

Ƙarya ce tsagwaronta. Yatsa biyu yake aiki da su, yana farautar haruffa ɗai-ɗai kamar kaza na tsintar dawa. Shi ya sa kullum da baƙin tabarau a fuskarsa, don kada a ga inda idonsa yake.

Da ya sayo wani sabon kibod kuwa, wato allon haruffan kwamfuta, muka shiga uku. Irin wanda ake kira makanikal ne, mai ƙara, mai fitilu ja da kore, kowane harafi da hularsa da ake iya cirewa a mayar. Da shi yake wasan ƙwallo a kwamfuta, ƙwas-ƙwas-ƙwas, har mai shayin da ke maƙwabtaka da shi ya kai ƙararsa wajen mai gidan da ya ba shi hayar shagon. Na roba kuwa, irin mai laushin nan da ba ya ƙara, Isiyaku ya ce ai na ragwaye ne, dannawa kake kamar kana taɓa tuwon jiya.

Ana nan sai wata makarantar kuɗi ta ce tana neman mai buga mata takardun jarrabawa, aiki na dindindin. Shagon Isiyaku kuwa kasuwa ta ja baya, yana son aikin nan kamar ransa. Mutum biyu suka rage a tantancewa: shi da wata Malama Zulai, mace mai sanyin magana wadda ta yi shekaru tana buga takardu a ofishin wani lauya.

Isiyaku ya san ta fi shi, amma bakin bai mutu ba. Ya zauna ya ƙulla dabara. Ya cire hulunan haruffan kibod ɗinsa ya yamutsa su, hular A ya ɗora a kan K, ta M a kan S, haka dai har ya rikita su tas. To ka san hula kawai aka sauya. Idan ka danna inda aka rubuta A, K ce za ta fito. Lissafinsa shi ne kowa a duniya leƙen haruffa yake yi kamar shi. Zulai za ta hau ta yi shirme, shi kuma ya ce don ya nuna gwaninta bari ya yi da na robar makaranta.

Ranar gwaji ya shigo ofishin shugaban makarantar, Malam Ƙasimu, rungume da kibod kamar jariri.

"Ranka ya daɗe, wannan na robar naku ai ba zai nuna ƙwarewar mutum ba. Ga nawa na kawo, ni Walƙiya ko kallon haruffa ba na yi. Malama ma ta fara da shi, ni ba ni da ƙyashi."

"Madalla," in ji Malam Ƙasimu. "Malama, bismillah."

Aka jona, fitilu suka kama. Aka miƙa wa Zulai wasiƙar da za a aika wa iyayen yara, shafi guda. Ta gyara mayafi, ta ɗora yatsu goma, ta kafe idonta a kan takardar. Tararara-tararara. Ko sau ɗaya ba ta sunkuya ba. Isiyaku na gefe yana murmushi, yana jiran a fara salati.

Minti huɗu ta ɗaga hannu. Malam Ƙasimu ya karanta daga sama har ƙasa, ko ɗigo bai ɓata ba.

Murmushin Isiyaku ya bushe a fuskarsa. Ya yi gyaran murya.

"To, ni bari in yi da na robar, don a ga..."

"A'a, Malam Isiyaku. Adalci shi ne kibod ɗaya. Balle naka ne, kun saba."

Wallahi da ina wurinsa da na ce cikina ke ciwo. Amma Walƙiya ne. Ya zauna, ya karya yatsu ƙas-ƙas, ya gyara tabarau. Ya leƙa ya gano A, ya danna. K ta fito. Ya goge. Ya tsaya tunanin inda ya ɗauko hular, abin ya ƙi zuwa, don a garin mugunta bai rubuta komai ya ajiye ba. Ya danna wani, alamar tambaya ta fito. Gumi ya fara tsattsafowa. Ya cire tabarau ya kai hancinsa har kusa da fitilun, yatsa ɗaya a sama yana shawagi.

Da ya ga ido ya yi masa yawa sai ya rufe ido ya hau duka, ƙwas-ƙwas-ƙwas-ƙwas, ko Allah zai sa a dace. Malamai biyu suka leƙo ta taga jin ƙarar.

Malam Ƙasimu ya sa tabaransa ya duƙa a kan kwamfutar. Ya daɗe yana kallo.

"Malam Isiyaku, a takardarka ka ce kana jin Hausa da Turanci. Wannan na ukun wane yare ne?"

"Ranka ya daɗe, kibod ɗin ne. Ina jin Malama ta danne shi da ƙarfi, wani abu ya kwance a ciki."

Zulai ta ɗauki jakarta ta matso, ta dubi kibod ɗin a karon farko. Sannan ta ce a hankali:

"Ayya, lafiyarsa ƙalau. Huluna kawai wani ya sauya wa haruffan, kawunan suna nan inda suke. Kai da ba ka kallo, Malam Walƙiya, ina ruwanka da hula?"