'Yan Tsakin Ingila

Shekarun da kuɗin mai ya fara yawo, na dawo daga kasuwar Mai'adua da kwandon 'yan tsaki, na tara maƙwabta.

Na ce, "Irin Ingila ne. Zanen nan na kansu shi ne shaida. Kowa sai ya samu iri."

Har liman ya ce a ajiye masa biyu. Matata ta leƙa kwandon ta ce, "Malam, anya?"

"Ke dai kawo dusa."

Da suka tasa, sai na tarar da Turawan nawa bisa katanga suna tsala ihu. Zabi ne, ko kaza ɗaya babu.

Har yau, in akuya ta haihu a unguwarmu, sai an aiko in je in duba ko raƙumi ne.